Gudawa bayan tiyatar aljihun hanji: yadda ake kaurara bayan gida ba tare da an toshe ciki ba

Wanda aka cire wa babban hanji, aka naɗe ƙarshen ƙaramin hanjinsa aka yi masa aljihu aka haɗa da dubura, bayan gidansa ba zai koma irin na da ba. Gara a faɗi wannan tun farko, domin rabin wahalar da masu wannan tiyata ke sha tana zuwa ne daga neman abin da ba zai samu ba. Babban hanji shi ne ke tsotse ruwa da gishiri daga abin da ya rage na abinci, wajen lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kullum. Tunda babu shi, abin da ke sauka cikin aljihun ruwa-ruwa ne, kuma yana ɗauke da sauran ruwan matsarmama da sinadaran narka abinci, su ne ke sa dubura zafi.

Tiyatar ba sabuwa ba ce. Likitoci biyu, Alan Parks da John Nicholls, su suka fara bayyana ta a Landan a 1978, sannan a 1980 wani likitan Japan, Utsunomiya, ya kawo salon naɗi mai siffar harafin J wanda aka fi yi a yau. Akan yi ta ga masu ciwon gyambon babban hanji da ya ƙi jin magani, da masu cutar gado da ke fito da ɗaruruwan tsiro a hanji. A makonnin farko bayan an rufe ƙofar wucin gadi da akan buɗe a gefen ciki don bayan gida ya riƙa fita ta nan kafin ɗinki ya warke, zagayawa sau 10 ko fiye a yini ba abin mamaki ba ne. A hankali aljihun yana ƙara faɗi, cikin wata 6 zuwa shekara yawancin mutane sukan tsaya a sau 4 zuwa 8 a yini, wasu da tashi ɗaya cikin dare. Abin nema ke nan: bayan gida mai ɗan kauri, wanda za ka iya riƙewa har ka kai banɗaki, ya kuma fita ba da yunƙuri ba.

Fara da littafi, ba da kemis ba

Sami ƙaramin littafi. Mako guda cur kada ka canza komai, rubutu kawai za ka yi: abin da ka ci da lokacinsa, sau nawa ka zagaya da rana, sau nawa da dare, ruwa ne tsululu ko da kauri, akwai jini ko babu, da launin fitsarinka. Ba ya ɗaukar minti biyar, amma ba tare da shi ba duk abin da ke ƙasa lalube ne cikin duhu. Daga nan ƙa'ida ɗaya ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a ba shi kwana 3 zuwa 4. Wanda ya daina shan shayi, ya fara shan faiba (garin da ke kaurara bayan gida), ya ƙara ƙwayar magani duk a rana ɗaya, ko ya samu sauƙi bai san wa zai gode wa ba.

Ruwa da gishiri ne gaba da komai

A Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Mai cikakken hanji ma yana jin jiki, balle wanda ke zubar da ruwa ta sama da gumi ta ƙasa da gudawa. Kuma a nan ne mutane ke yin kuskuren da ya yi kama da daidai: ƙishirwa ta taso, sai a yi ta kwankwaɗar ruwa zalla ko zoɓo mai zaƙi ko lemon kwalba. Ruwa zalla idan ya yi yawa a lokaci ɗaya wucewa yake yi, yana iya jan gishirin jiki ya fita da shi. Abin sha mai sukari da yawa kuwa janyo ruwa yake yi cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Ƙaramin hanji ya fi tsotse ruwa idan gishiri da ɗan sukari sun shigo tare a ma'aunin da ya dace, wannan shi ne duk sirrin ORS, wato ruwan gishiri da sukari na masu gudawa.

Idan akwai na leda daga kemis, karanta jikinsa ka ga ruwa nawa ake zubawa, yawanci lita ɗaya ce, wato ledar fiya wata biyu masu 50cl. Idan babu, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6 a shafe ba tozo, gishiri rabin cokalin shayi. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan cikin yini, abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. In ɗanɗanon ya gundure ka, sa shi a randa ya yi sanyi ko ka matsa ɗan lemon tsami, amma kada ka ƙara sukari.

Fitsari shi ne ma'auninka. Idan ya yi kaɗan, ya yi ja, ga jiri in ka miƙe tsaye, ga jijiyar ƙafa tana ɗaurewa, ruwa ya yi ƙasa. Ba abin wasa ba ne, domin masu aljihun hanji sun fi sauran mutane saurin samun tsakuwar ƙoda, kuma ƙarancin ruwa mai tsanani yana iya taɓa ƙodar kanta. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya tambayi likitansa gishiri nawa ya dace da shi, ya kuma tambaya ko akwai ƙwayar da zai dakatar a ranar da gudawa ta tsananta, musamman masu sa fitsari.

Wata 'yar dabara: rage shan ruwa a kan abinci. Sha kafin ci da rabin awa, ko bayan ci da rabin awa, don kada ruwan ya kora abincin da sauri.

Abin da ke cikin kwano

A wannan fanni mutumin Kebbi ya yi sa'a, don abin da ya fi kaurara bayan gida shi ne abin da fadamarsa ke fitarwa. Tuwon shinkafa, dafaffiyar farar shinkafa, taliya, farin burodi, dankalin turawa da doya da aka fere, nunanniyar ayaba, kunun gyaɗa da aka tace sosai ba a cika masa sukari ba, ƙwai, kaza, da kifin Yauri ko na Argungu a dafe. Waɗannan su ne ginshiƙi a watannin farko.

Na ɗaya ɓangaren sun kasu biyu, kuma yana da kyau a bambance su. Akwai masu tsinka ciki ko sa zafi: yaji da attarugu, soye-soye masu maiƙo, shayi mai ƙarfi, kofi, goro, kunun tsamiya, abincin da aka cika wa kanwa, da cingam ko alewar da aka rubuta ba sukari, don abin zaƙin da ke cikinsu yana sa gudawa. Madara tana damun wasu, alhali kindirmo ya zauna musu lafiya. Albasa ɗanya, ko da ta Aliero ce, da wake da kabeji, iska suke tarawa. Waɗannan ba haɗari ba ne, damuwa ce kawai, kowa ya gwada ya ga iyakarsa.

Kashi na biyu su ne masu iya cunkushewa su toshe hanya, musamman inda aka yi ɗinki: aya, gyaɗa da ba a tauna ba, gasasshiyar masara, gugguru, kwakwa, zaren mangwaro, tuƙar rake, totuwar lemo, kwaɗon zogale da rama, da nama mai jijiya irin na tsire da kilishi. A bar su a makonni 4 zuwa 6 na farko, ko iya lokacin da likita ya yanka. Daga baya a dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ɗan kaɗan, da tauna har sai abu ya zama lilis. Fura ma haka: wadda aka surfe geronta da kyau ta fi sauƙi a kan mai dusa.

Miyar kuka da ta kuɓewa fa? Yauƙinsu daga irin faiban da ke riƙe ruwa yake, saboda haka ba na ganin dalilin guje musu. A tankaɗe kukar da kyau, kuɓewa a fara da busasshiya dakakkiya. Abin da ke ɓata su yaji ne, kuma maganin wannan magana ɗaya ce a gida: "Inna, don Allah a ɗibar mini tawa kafin a sa barkono." Ba sai an dafa tukunya biyu ba.

Kada ka ƙi cin abinci don tsoron banɗaki. Cikin da babu komai iska yake tarawa, ya riƙa fitar da ruwa mai ɗaci da ƙuna. Ci kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6, babban cin ya zama na rana.

Garin faiba: yadda ake fara shi

Faiba shi ne ɓangaren tsiro da hanji ba ya narkarwa, kuma iri biyu ne. Akwai mai kaushi, irin dusa da ɓawo da jijiyar ganye, wanda ke hanzarta tafiyar abinci. Wannan ba naka ba ne. Akwai kuma mai shan ruwa ya kumbura ya yi yauƙi, shi ake nema. Wanda aka fi amfani da shi ɓawon ƙwayar wani tsiro ne da ake nomawa da yawa a Indiya, a jikin kwali za ka ga an rubuta psyllium ko ispaghula, da sunayen kasuwa irin Fybogel da Metamucil. Yadda garin kwaki ke shanye ruwan kofi ya kumbura, haka yake yi a cikin hanji: ruwan da zai fita tsululu sai ya haɗe wuri ɗaya.

Mai kemis zai iya ce maka, "Alhaji, ai wannan na masu taurin bayan gida ne." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Garin yana tausasa mai tauri, yana kuma kaurara mai ruwa. Abin da za ka duba da idonka shi ne kada a ba ka wanda aka gauraya da senna, wato filisko, don shi maganin wankin ciki ne. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Kafin cokalin farko, likitan da ya yi maka aiki ya amince. Idan wurin ɗinkin ya tsuke, ko ka taɓa samun toshewar hanji, ko haɗiya tana yi maka wuya, faiba na iya zama matsala. In ya amince, ga yadda ake tafiya.

Fara da rabin cokalin shayi sau ɗaya a yini, tare da abincin da ka lura ya fi saurin kai ka banɗaki. Dama shi cikin ruwa ka shanye nan take kafin ya daskare. Bayan kwana 3 ko 4, in babu kumburi ko murɗa, kai shi cokali ɗaya. Bayan wasu kwanakin ƙara karo na biyu a wani abincin. Mutane da yawa sukan tsaya a cokali ɗaya sau 2 ko 3 a yini. Ledar Fybogel ɗaya gram 3.5 ce, saboda haka mai amfani da ita ya fara da rabi. Iska da ƙugin ciki a makon farko ba baƙon abu ba ne, sukan lafa. In ba su lafa ba, koma ma'aunin baya, ko ka tambayi likita game da wani irin faiba mai suna methylcellulose, wanda bai cika tara iska ba.

Maganar yawan ruwan damawa ita ce ke rikita mutane. Kwali yana cewa a dama da cikakken kofi, don an rubuta shi ne ga mai taurin ciki. Wasu likitoci da nas-nas da ke kula da masu aljihun hanji sukan ce a rage ruwan damawar, don garin ya sami sararin shanye ruwan da ke cikin hanji. Ra'ayina shi ne ka fara da yadda kwali ya ce, kada ka rage sai da izinin mai duba ka. Kuma ko an rage, iyaka biyu ba a tsallake su: ba a afa garin a bushe, don yana iya kumbura a maƙogwaro ya shaƙe mutum, sannan ruwan da kake sha a sauran yini ba ya raguwa. Kada kuma ka sha shi ka kwanta nan take.

Yauƙin nan yana iya riƙe wasu magunguna ya hana jiki tsotse su. Bar tazarar awa biyu tsakaninsa da ƙwayar hawan jini, ta ciwon sukari, ta farfaɗiya ko ta ƙarin jini.

Sai gaskiyar da ba a cika faɗa ba: faiba ya fi gyara kauri a kan rage yawan zagayawa. Za ka iya ci gaba da zuwa sau 7, amma ƙuna ta ragu, ɗigo a wando ya tsaya, kana iya jira har a idar da salla. Wannan nasara ce. Wasu kuma bayan gidan kan yi musu danƙo har ya ƙi fita sai da yunƙuri, su riƙa komawa banɗaki sau uku a kan abu ɗaya. In haka ta faru, garin ya yi yawa, a rage. Wanda ya yi mako 3 ko 4 yana sha littafinsa bai nuna wani canji ba, ya bari, ba kowane ciki yake karɓa ba.

Ƙwayar rage gudun hanji

Loperamide, wadda aka fi sani da Imodium, tana rage saurin hanji don ya sami lokacin tsotse ruwa. Ƙwaya ɗaya miligram 2 ce. Lokacin shanta ya fi yawanta muhimmanci: rabin awa kafin abinci, ba bayan gudawa ta riga ta taso ba. Akan fara da ɗaya kafin babban abinci ko kafin barci, a ƙara a hankali. Takardar ciki tana cewa kada a wuce kwana biyu, wannan na gudawar kowa da kowa ne, masu aljihun hanji sukan daɗe suna sha bisa umarnin likita. Kada ka haura ƙwaya 8 a yini da kanka, domin yawanta yana rikita bugun zuciya. Haɗa ta da faiba kuma sai likita ya sani, tunda ɗaya na kaurarawa ɗaya na rage tafiya, in aka zarce sai ciki ya cushe. Ranar da ka ga zazzaɓi, jini, ko kumburin ciki, ajiye ta.

Dare da fata

Abincin dare ya zama marar nauyi, a ci shi awa 3 zuwa 4 kafin kwanciya. A aikace, a ci bayan magariba, ba bayan an dawo daga hirar dare ba. Zagaya kafin ka kwanta, ka ba aljihun lokaci ya sauke, ba tare da yunƙuri ba. Tsuguno yana taimakawa, mai masan zama ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera.

Tsarki da ruwa da muka saba ya fi goga takarda nesa ba kusa ba. Ban da sabulu, ban da Dettol. Bayan tsarki a dadanna da ƙyalle mai laushi wurin ya bushe, a shafa man zinc oxide irin na gindin jarirai, ko Vaseline in shi ke akwai, tun kafin fata ta saɓule. Matse dubura kamar mai riƙe tusa, a ƙirga zuwa 10 a saki, sau 10 a jere, safe da rana da dare, yana ƙarfafa naman wurin, in likita ya ce ɗinki ya warke.

A nan dole in ja kunne. Ƙuna da ɗigo da ɗan jini za su sa 'yan uwa su ce basir ne, a kawo maka jiƙo daga kasuwa, ko a nuna maka mai yanka. Yawancin jiƙon basir wankin ciki ne. Kuma ɗinkinka yana nan kusa da bakin dubura, ɗan yatsa ma yana kai wa gare shi. Kada ka yarda kowa ya cusa wani abu ko ya yanka wurin, ko da a asibiti ne sai wanda ya san aikin da aka yi maka.

Inda faiba ba shi da aiki

Gudawar da ake gyarawa da abinci da gari ita ce wadda ka saba da ita. Idan kana zaune a sau 6 sai kwatsam ka koma 12, ga matsuwa, ga murɗa a mara, ga ɗigo cikin barci, wani lokaci da jini ko zazzaɓi, to mai yiwuwa aljihun ne ya kumbura. Wannan yakan sami kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin saboda gyambon hanji, aƙalla sau ɗaya. Yana jin magani, yawanci ciprofloxacin ko metronidazole na kwana 14. Na san Flagyl, wato metronidazole ɗin, a kowane lungu ake sayar da shi, amma kada ka rubuta wa kanka. Alamomin nan suna iya zama na ƙwayar cuta daga ruwa ko abinci, ko kumburin guntun hanjin da aka bari a ƙasa, ko tsukewar ɗinki, kowanne da maganinsa, kuma shan maganin ƙwayoyin cuta barkatai shi kansa yana haifar da muguwar gudawa. Sai an gwada bayan gida, wani lokaci a leƙa da na'ura. Zazzaɓi ma kada a yanke cewa na sauro ne ba gwaji. Ibuprofen da diclofenac suna ƙara haɗarin kumburin aljihu, don ciwon jiki paracetamol ya fi.

Akwai alamomin da ba a kwana da su a gida: ciki ya kumbura yana murɗa ga amai, bayan gida da tusa sun tsaya ko ruwa kaɗai ke fita, jini mai yawa, fitsari ya ɗauke, ko amai ya hana ka riƙe ruwan gishiri. Daina faiba da loperamide, ka nufi asibitin da ke da likitan tiyata, irin asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko Sir Yahaya, in ta kama a tura ka asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Da damina, lokacin amai da gudawa, kada ka jira irin jiran da wasu ke yi, don ruwanka ya fi nasu saurin ƙarewa. Ko a ina aka yi maka aikin, nan gida ko Masar ko Indiya, ɗauki hoton takardar tiyatar a waya, ka ajiye kwafi a aljihun riga, domin ba kowane likitan da ke bakin aiki da dare ya taɓa duba mai irin wannan aljihu ba. A gwajin jini na lokaci-lokaci a duba ƙarfin jini, ƙoda da bitamin B12. In kana ganin ƙwaya tana fita yadda ka haɗiye ta, faɗa wa likita ya canza maka da wadda ke saurin narkewa.

Azumi da tafiya

Azumi a shekarar farko, musamman in ya faɗo cikin bazara, magana ce ta likita kafin ta zama ta ƙarfin hali, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ba marar lafiya damar ramawa. Wanda aka yarje wa ya yi, ya buɗe baki da ruwan gishiri da sukari da ɗan dabino, ya jinkirta ƙosai da kunun tsamiya, ya raba ci kashi-kashi har sahur, garin faiba kuma ya bi abincin da ke da isasshen ruwa a bayansa. Game da ɗigon da ke hana alwala zama, malaman fiƙihu suna da babi a kansa mai sauƙaƙawa, a tambayi malami ba tare da kunya ba.

In tafiya ta kama, ko Sakkwato ce ko Kwantagora, ci farar shinkafa ko burodi kafin ka fita, sha ƙwayarka rabin awa kafin cin, ka nemi kujerar bakin ƙofa. A jaka a sa ledar ORS biyu, buta, man shafawa, wando na canji da garin faiba na kwanakin da za ka yi, har da na ƙarin kwana biyu, don ba kowane kemis na kan hanya ke ajiye shi ba.